Majalisa a Kan Sirdi

Yau in ka je inda Birnin Kwalmi yake, ba abin da za ka tarar sai ganuwa ta zama tudu, birai suna tsalle a inda sarakuna suka zauna. Waɗanda suka ga garin nan da idonsu duk ƙasa ta rufe su, saura ni kaɗai, Jatau, Sarkin Karman Kwalmi, shugaban dakarun ƙasa, wanda mutuwa ta bi har ta gaji ta nemi inuwa. Ban yi karatu ba, amma abin da idona ya gani ba malamin da ya isa ya gyara mini shi. Doki ya taka ni, kogi ya tafi da ni ya dawo da ni don ya ga na fi ƙarfinsa. Tsufa ne kawai ya kama ni, shi ma ta baya ya biyo, rago.

Kwalmi! Ina ma a ce in sake jin ƙarar maƙera da hantsi, in ga 'yan marina suna fitowa hannu shuɗi har gwiwa. Amma ba maƙera ko marina suka sa garin ya gagara ba. Al'adu biyu ne.

Ta farko ita ce tabarma. A ƙofar fada akwai wata tsohuwar kuka, a gindinta ake shimfiɗa tabarmi bakwai: ta Galadima, ta Madawaki, ta Liman, ta Magajiya, ta Sarkin Noma, ta Sarkin Kasuwa da ta Sarkin Maƙera. Sarki zai faɗi abin da yake so. Wanda bai yarda ba, ba ya musu da Zaki, sai kawai ya miƙe ya naɗe tabarmarsa. In an naɗe huɗu, magana ta mutu, ko ta wa ce.

Ta biyu ita ce gora. In ka kayar da mutum a fagen fama ya kama ƙafarka, ka ba shi ruwan gorarka ya sha, to fatarsa ta zama fatarka. Ba mai taɓa shi sai ya taɓa ka. Duk ƙasashen da ke kewaye sun san haka, shi ya sa abokan gaba ba sa jin tsoron faɗawa hannunmu.

A zamanin Sarki Tunau ne Tsirgawa, mutanen tsallaken kogin Wuya, suka tasar mana. A karon farko a bakin mashigi, wani siririn maharbi ya ɗauke mini gefen kunne da kibiya. Ni Jatau! Na ratsa ruwa na bi shi, na ɗaga shi sama na maka da ƙasa, na danne shi da gwiwa. Sai ya riƙe idon sawuna ya ce, "Ƙato, in za ka kashe ni ka hanzarta, warin hammatarka na neman riga takobinka."

Dariya ta hana ni sara. Na kwance gora na ba shi, ya sha har da neman ƙari. Daga baya na ji sunansa Tambai, ɗan ƙanwar Sarkin Tsirga ne.

A zaurena ya yi damina. Kwano ɗaya muke ci, kuma ya fi ni loma duk da ƙanƙantarsa. Matata Kande tana kiransa Baƙon Dole, shi kuma yana ce mata miyarta ta fi ganuwar Kwalmi tsare mutum. Muna dara yana cuta, in na kama shi ya ce a Tsirga haka ake yi. Da yamma yakan zauna ya fuskanci kogi, sai in ce masa, "Kai, uwarka ba ta manta ka ba, taso mu ci tuwo." Ban san ranar da ya daina ce mini Ƙato ya koma Yaya ba. Ni da ban tashi da ƙane ba, sai ga shi Allah ya ba ni ɗaya a bakin takobi.

Da kaka ta yi, Ciroma Mayau, babban ɗan Sarki, ya fita da mahaya don ya kewaya Tsirgawa ta kurmi. Suka faɗa kwanto. Waɗanda suka tsira ba wanda ya ga inda ya faɗi. Dokinsa ne ya dawo shi kaɗai, sirdi jina-jina. Aka yi kuka a fada, aka yi sadaka.

Tunau ba azzalumi ba ne, kada wani ya faɗa maka haka. Mutum ne da baƙin ciki ya shiga ta kunnensa, Shamaki Barau, mai kula da dawakin fada, ya bi bayansa ya toshe ƙofar. Shi ne ya yi ta raɗa masa cewa wani a cikin gari ya sayar da hanyar Ciroma, kuma Tambai ya san ko wane ne.

Aka shimfiɗa tabarmi. Ni ba ni da tabarma, amma an kira ni na tsaya a gefe, tunda a kan mutumina ake magana.

Sarki ya ce, "Ya ku iyayen ƙasa, maciji yana cikin ɗaki. Ɗana ya tafi, gobe 'ya'yanku ne. Akwai baki ɗaya a garin nan da ya san ramin macijin, kuma an tambaye shi da lalama ya ce bai sani ba. Ina so a tambaye shi da wuta."

Galadima Cindo, tsoho tukuf wanda ya ga sarakuna uku, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Hawayenka hawayenmu ne, ni na riƙe Mayau ranar suna. Amma wuta ba ta san gaskiya ba, ranka ya daɗe. Abin da mai riƙe da ƙarfe yake son ji, shi take fitarwa. In ka ɗora mini ita yau, zan ce maka ni na haifi kakana. Sannan yaron nan ya sha gora."

Madawaki ya ce, "Galadima, gora ta lokacin yaƙin maza ce. Wannan yaƙin munafukai ne. In gida na ci da wuta ba a tambayar wa ke da tulu."

Magajiya Tasalla, gwaggon Sarki, wadda ke riƙe da maganar matan gari, ta ce, "Madawaki, da kai aka kama a Tsirga, da wannan karin maganar za ka so a yi a kanka?" Sannan ta juya ga Sarki. "Tunau, ni na goye ka, don haka zan kira sunanka. 'Ya'yanmu maza nawa ke fita yaƙi suna dawowa saboda gorar nan? Kada ka fasa ta don ka ji sanyi rana ɗaya."

Shamaki Barau ya matso daga bayan Sarki ya ce, "Mai kare ɓarawo a bincika buhunsa."

Galadima bai ko dube shi ba. Ya dafa sanda ya miƙe, ya sunkuya da ƙyar ya naɗe tabarmarsa. Magajiya ta naɗe tata. Liman ya naɗe. Sarkin Noma ya naɗe. Sarkin Maƙera ya ce wutarsa ta garma da mashi ce, ya naɗe tasa ya saɓa a kafaɗa. Biyar ke nan. Na koma gida ina taku kamar ni na ci Tsirga, na ce wa Tambai, "Ka ga garin maza?"

Ya ce, "Na gani, Yaya. Amma a garinmu ana cewa in giwa ta ga an tare hanya, ba ta komawa, sabuwa take yi."

Kashegari da safe ƙudan zuman da ke kogon kukar nan tun zamanin kakanni suka tashi gaba ɗaya, suka yi baƙi a sama, suka nufi gabas. Tsofaffi suna salati ke nan sai muka ji tambarin yaƙi.

To, ga inda aka ci mu. Tun dā an san cewa in an kaɗa tambari, abokin gaba na bakin ƙofa ke nan, ba lokacin shimfiɗa. Majalisa kan hau dawaki, a yi shawara a kan sirdi, Sarki ya yanke, a wuce. Kakanni sun yi haka ne don gaggawa. Amma ranar nan Tsirgawa na can tsallaken kogi suna shan fura, ko ƙurarsu ba a hango ba. Shamaki ne ya tuna wa Sarki cewa ba inda aka ce dole sai an ga abokin gaba kafin a kaɗa.

Aka taru a filin fada. Mutum biyu suka ɗaga Galadima suka ɗora a doki. Magajiya aka tare ta a ƙofa, aka ce mace ba ta hawa ranar tambari. Tana daga waje tana ɗaga murya, "Ku ba ni dokin ku gani, 'yan banza, na hau kafin a haifi iyayenku!" Sarkin Noma ba shi da doki, ya zo a kan jakinsa. Shamaki ya ce jaki ba doki ba ne, ya tsaya a baya. Sarkin Noma ya ce, "Shi ke kawo dawar da dokinka ke ci, amma to."

Galadima ya zo da tabarmarsa ɗaure a bayan sirdi. Ya kwanto ta ya ɗaga sama ya ce, "Zaki, ga ta a naɗe."

Sarki ya ce, "Baba Galadima, tabarmar da ba a shimfiɗa ba, ba a naɗe ta ba."

"To yaushe za mu sauka mu shimfiɗa, ranka ya daɗe?"

"Sai yaƙi ya ƙare."

"Wa zai ce ya ƙare?"

"Ni."

Tsohon ya sauke tabarmar, rana na dukansa. Can ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Ubanka ya fi ka zafin zuciya, amma ya san cewa tabarmar nan ba don mu aka yi ta ba, don shi aka yi. Sarki mutum ne, yana da ranar da idonsa ke rufewa. A ranar nan ne yake bukatar wanda zai miƙe tsaye. Ka ɗora mu a doki don kada mu miƙe. To, ka rage kai kaɗai, Zaki. Allah ya sa ka iya."

Sarki ya kau da kai ya ce a kawo fursuna.

Nan na ratso tsakanin dawaki na faɗi na yi gaisuwa. Na ce, "Zaki, ni ne Jatau. Ni na riƙe maka ƙofar yamma da mutum kaɗan ranar da mahaya suka gudu. Ban taɓa roƙonka ko goro ba. Yaron nan daga gorata ya sha. Fatarsa fatata ce, duk Kwalmi ta sani."

Na ɗauka zai ji kunya. Sai ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Gaskiya ka faɗa, Sarkin Karma. Ni ba na karya al'ada. Shamaki, duk abin da aka ba shi, a ba Jatau rabonsa."

A barga aka yi, inda ake yi wa dawaki lalas. Sarkin Maƙera ya ƙi ba da ƙarfe, sai Shamaki ya ɗauko nasa. Aka ɗaure mu a turaku biyu muna fuskantar juna. Tambai ya ce, "Yaya, ka ga abin da rowa ke hanawa? Da ka hana ni ruwan nan da yanzu kana gida."

Na ce, "Rufe mini baki, ɓarawon dara."

Aka fara da shi. Shamaki ya ce, "Wa ya sayar da hanyar Ciroma?" Ya ce bai sani ba, tun damina yana zaure, ko tsuntsu bai kawo masa labari ba. Aka ɗora masa a baya. Ba zan faɗi yadda ya yi ba, ɗan mutane ne. Sannan aka zo kaina. Ni kuwa, tambayi duk wanda ka ga dama, ko uffan ban ce ba. Na ma ce wa mai riƙe da ƙarfen, "Kai yaro, wutarka ta huce, koma ka hura." Dawaki ne suka yi ta haniniya suna fizgar igiya saboda ƙauri.

Haka aka yi ta yi, shi, ni, shi, ni. Ya jure nasa zafin fiye da yadda na zata. Ganin nawa ne ya kasa jurewa. Duk sanda aka nufo ni sai ya runtse ido ya juya kai. Da aka sake ɗauko ƙarfen aka yo wajena sai ya yi ƙara, "Ku bar shi! Tsoho ne, ba ku gani? Me kuke so in ce?"

Ni da ko furfura ban fara ba a lokacin, wai tsoho.

Shamaki ya matso ya tausasa murya. "Ba wani babba ba ne? Mai rawani? Wanda ya fi kowa kare ka a gindin kuka?"

Na ce, "Tambai, kada ka yarda! Ina jin daɗina!"

Ya dube ni, hawaye na zuba, ya ce, "Galadima ne. Shi ne. In kana so har da Magajiya. Har da jakin Sarkin Noma, shi ke kai saƙo."

Shamaki ya ɗauki na farkon ya zubar da sauran. Kafin azahar an warware rawanin Galadima Cindo yana kan doki, a gaban yaran da ya yi wa suna. Roƙonsa kawai a taimaka a sauke shi, don ba zai iya sauka da kansa ba. Mutanen unguwarsa, waɗanda su ne rabin maharbanmu, suka rataye bakunansu suka shige gida.

Aka kwaso mu aka zube a zaurena. Kande ta yi ta shafa mana man kaɗe tana tsine wa Shamaki har kakanninsa. Tambai ya kwanta rub da ciki ya juya fuska ga bango. Ba dara, ba tsokana. Na yi masa ba'a iri-iri, ko motsi. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Yaya, tsohon nan shi ya fara naɗe tabarma saboda ni." Wannan shirun nasa ya fi ƙarfen Shamaki ci na. Har yau in na ga ana dara a gindin bishiya sai in canza hanya.

Bayanmu bai daina ruwa ba sai ga manzo daga Tsirga, riƙe da ɗanyen reshe alamar ba faɗa ya kawo shi ba. Na sa riga a kan ciwo na tafi fada, don Jatau ba ya jin labari a bakin mata. Majalisa na kan dawaki har yanzu, waɗanda suka rage.

Manzon dattijo ne mai natsuwa. Ya durƙusa ya ce, "Gaisuwar Sarkin Tsirga ga ɗan'uwansa Sarkin Kwalmi. Ya ce a faɗa maka ka share hawaye. Ɗanka Mayau yana raye."

Fili ya ɗauki salati. Sarki ya riƙe gaban sirdi kamar zai faɗo.

"Mashi ya same shi a cinya ya faɗi, ya kama ƙafar wani baranmu. Mu Tsirgawa ba mu da al'adar gora, ranka ya daɗe, a wurinku muka aro ta. Ubangidana ya ce, tunda Kwalmi ta riƙe mana Tambai ko ƙwarzane babu, kunya ce mu gaza su. Ɗanka a ɗakin Sarki yake kwana. Ya warke, har ya yi ƙiba."

Madawaki ya ce, "To wa ya ba ku hanyarsa?"

Manzo ya yi murmushi. "Hanya? Allah ya taimake ka, da makaɗa ya shigo kurmi, suna yi masa kirari. Kurma ma ya ji zuwansa."

Ba wanda ya dubi Shamaki. Shi ma bai dubi kowa ba.

"Ga saƙon," in ji manzo. "Mun gaji, kun gaji, ga hatsi a gona ba masu girbi. Ranar kasuwar Wuya mai zuwa a kawo Tambai bakin mashigi, mu kawo Mayau. Kowanne ya tuɓe riga a tsakiyar ruwa, iyaye su duba. Yadda muka sami namu, haka za ku karɓi naku, ba ƙari ba ragi, sannan a yi rantsuwar zaman lafiya. Uwar Tambai ma za ta zo, ta ce ita za ta duba da hannunta."

Ya miƙe ya waiga hagu da dama ya ce, "Ina yaron namu? In gan shi in kai wa uwarsa albishir."

Shamaki ya yi wuf ya ce yaron ya fita kilisa. Manzo ya dube shi, ya dubi yadda rigata ta manne a bayana, ya daɗe yana dubawa. Bai ƙara tambaya ba. Ya yi sallama ya hau ya tafi, bai ko tsaya shan ruwa ba.

Da la'asar ina zaune a zaure sai na ga inuwa a ƙofa. Sarki Tunau ne, a ƙasa, ba dogari, ba laima, ba mai cewa hattara. Tun da aka kafa Kwalmi sarki bai taɓa taka zauren dakare ba, sai nawa. Kande ta saki ƙwarya. Ya tsaya a kan Tambai ya dubi bayansa, ya ƙirga da ido, leɓensa na motsi. Ya tambayi Kande ko akwai maganin da zai shafe wannan kafin ranar kasuwa. Ta sunkuyar da kai ta girgiza shi.

Sai ya zauna a ƙasa kusa da ni, a kan turɓaya, kamar talaka. Ya ce, "Jatau, an ce ko uffan ba ka ce ba."

"Haka ne, Zaki."

"An ce har dariya ka yi wa mai ƙarfen."

"An faɗi gaskiya."

Ya kama hannuna da hannu biyu. Muryarsa ta koma ta wani tsoho da ban sani ba. "Mayau ko ƙaya ba ta taɓa sukarsa ba sai an kira masu magani. Faɗa mini, Sarkin Karma, kai da ka sani. Abin nan, ba shi da zafi sosai, ko?"

Ni Jatau, doki ya taka ni na ce susa ce. An zare mini kibiya daga haƙarƙari ina cin goro. Tun da uwata ta haife ni ba mahalukin da ya taɓa jin na ce wash. Na dubi Tambai kwance fuska ga bango, na dubi Sarkin Kwalmi zaune a turɓaya yana jiran in yi masa ƙarya.

Na ce, "Da zafi, ranka ya daɗe. Wallahi da zafi."